Garin Ƙarin Ɗaki A Rasa Gida

Duk wanda ya bi lungunan cikin birnin Kano, ko ta Yakasai, ko Koƙi, ko Madabo, ko Mandawari, da wuya ya yi nisa bai tarad da tulin bulo da yashi a ƙofar wani gida ba. In ya tambaya, amsar ɗaya ce, mai gida ne zai ƙara ɗaki. Haka abin ya ke a birnin Zariya, da na Katsina, har da na Damagaram. Gidajen nan na cikin ganuwa yawancinsu ƙanana ne, tsofaffi kuma, waɗansu tun na kakan kaka. Sai a ga gidan da aka gina domin mutum 10, yau mutum 20 ke kwana cikinsa.

Ba mai zargin magidanci don ya so ya yalwata wa iyalinsa. Yara sun girma, samari ba sa kwana ɗaki ɗaya da 'yan mata. Babban ɗa ya yi aure, ba shi da halin sayen fili a bayan gari. Uwar gida ta gaji da ratsa ruwan sama in za ta wanka. Ga lantarki, ga famfo, ga firji da keken ɗinki da babur, kowanne yana neman wurinsa, alhali kuwa magina na da ba su san da zamansu ba. Ƙari dai ya zama tilas. Abin dubawa shi ne irin ƙarin da a ke yi, gama da yawa cikin gidajen da aka daɗa wa ɗakuna sun fi matsi da zafi da cuta yanzu bisa ga yadda su ke kafin a taɓa su. In an ƙidaya ƙofofi sai a ga sun ƙaru, amma gidan kansa raguwa ya yi.

Yadda aka tsara gidan da

Ba a yanke wa ƙari hukunci sai an san abin da ya tarar. Gidan birni ba jera ɗakunansa aka yi haka kawai ba. Daga hanya a kan shiga zaure, wanda Kanawa ke ce wa soro. Nan mai gida ke ganawa da baƙi, nan a ke cin tuwon dare da maƙwabta, nan malami ke biya wa almajirai karatu. Daga zaure sai a faɗa wani ɗan sarari, inda ɗakin samari da na baƙi su ke. Sa'an nan sai shigifa, wadda namiji ba ya wuce ta sai muharrami, ko wanda aka yi wa izini. Bayan shigifa sai tsakar gida, ɗakunan mata suna kewaye da ita, ga turakar mai gida, ga madafa, ga rijiya, ga makewayi can a kusurwa. Ƙofofin nan kuma ba a sa su su fuskanci juna, don kada mai wucewa ya hangi cikin gida. Watau tun daga bakin hanya har ɗakin amarya, sutura ce aka gina mataki mataki.

Tsakar gida kuwa, ko da ya ke ba ta da rufi, ita ce babban ɗakin gidan. Cikinta a ke daka da tankaɗe, cikinta a ke girki da rani, cikinta a ke wanki da shanya da kitso. Nan jariri ke rarrafe har ya tashi da ƙafa, nan mata ke taruwa ran suna da ran biki. Matar da ke cikin kulle nan ta ke ganin rana da sararin samaniya, nan kuma ta ke sana'arta, ko fura, ko ƙuli-ƙuli, ko ɗinkin hula. Da bazara, sa'ad da zafin Kano kan kai digiri 40 cikin watan Afrilu, sai kowa ya ja tabarmarsa waje ya kwana. Su ɗakunan ƙanana ne, tagoginsu ma ƙanana, domin ba don yini aka yi su ba. Iskarsu da haskensu duk daga tsakar gida su ke samu.

Kayan ginin ma da nasu hankali. A kan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya a rana, kana a jera su tsaye, mai tsinin yana duban sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango ya kan yi kauri a gindi, ƙafa 2 ko fiye, yana sirancewa yayin da ya ke hawa. Rufi kuwa da azara a ke yi, wadda a ke tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba. Amma azara ba ta jure nauyin ƙasa in tazara ta wuce wajen ƙafa 6, shi ya sa gwanayen magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, don su sami ɗaki mai faɗi. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. In an gama gini sai a shafe shi da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, watau katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Daga nan sai a kafa indararo, ya riƙa tofar da ruwan sama nesa da bango.

Irin wannan bango yana da hali biyu. Na fari, yana jinkirta zafi. Rana ta doke shi tun da hantsi, amma zafin ba ya ratsa shi sai dare ya yi, lokacin kuwa mutane suna waje kan tabarma. Na biyu, yana numfashi. In ya sha danshi da damina, ya kan fid da shi da kansa sa'ad da iska ta buga. Sharaɗinsa ɗaya ne, a duba shi kowace shekara tun ruwa bai sauka ba, a yi yaɓe, a share indararo. Wanda ya ke shakkar ƙarkon ƙasa sai ya je Nasarawa ya ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a can cikin 1909. Ginin ƙasa ne, ya haura shekara 100, yana nan tsaye saboda ba a daina kula da shi ba.

Ƙarin da a ke yi

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kwanon rufi da siminti suka fara samun hanya. Cikin 1967 masana'antar siminti ta Sakkwato ta soma aiki, abin ya daɗa kusantowa. Sannu a hankali gidan bulo ya zama alamar samu, gidan ƙasa ya zama alamar rashi, birkila kuma ya maye gurbin magini. Ba laifin siminti ba ne, shi ma kayan gini ne mai amfani ƙwarai. Laifin yana wajen sa shi inda ba wurinsa ba ne.

A ɗauki misalin gida irin wanda ba a rasawa a kowace unguwa, mai ɗaki 4 da zaure da shigifa, tsakar gidansa tsawonta ƙafa 30, faɗinta ƙafa 24. Babban ɗa zai yi aure, mai gida ya kira birkila. Birkila ya duba ya duba, bai ga fili ba sai tsakar gida. Sai ya kafa ciki da falo, kowanne ƙafa 12 ta kowane gefe. Su biyun suka cinye faɗin duka, suka kuma ci ƙafa 12 daga tsawon, saura 18. Bayan 'yan shekaru na biyu ya tashi aure, aka yi masa kamar yadda aka yi wa wansa, don kada a ce an yi son kai. To, yanzu saura ƙafa 6. Tsakar gida ta koma lungu. Da damina ta zo ruwan rufin sababbin ɗakuna ya riƙa zuba cikin lungun nan, sai aka kawo kwano aka rufe shi ma.

Wannan shi ne babban kuskure, sauran duk ƙannensa ne. Tsofaffin ɗakuna da ke shan iska daga tsakar gida yanzu bango su ke kallo, sai an kunna fitila da rana tsaka. Hayaƙin girki ba shi da mafita. Shanya ta koma kan katangar maƙwabci, yara sun koma kan hanya, matar da ke sana'a ta rasa inda za ta aje turmi. Shi mai gida, da ya ke da safe ya ke fita kasuwa sai dare, shi ne na ƙarshen gane abin da aka yi, gama ba shi ke yini a ciki ba. Da bazara kuwa ba sauran wurin shimfiɗa a waje, tilas a cunkushe ƙarƙashin kwano, wanda ke ɗaukar zafin rana nan da nan ya sauke wa na ƙasa. In lantarki ya ɗauke, fanka ta tsaya, ɗaki ya zama tanderu. Ba kuwa maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Sanƙarau da tarin fuka sun fi yaɗuwa inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki maras iska. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa, cikin watannin rani da bazara.

Kuskure na biyu shi ne shafe tsohon bangon ƙasa da siminti, don ya yi kama da sabon ɗaki, kuma don a huta da yaɓe. Shekarar fari abin ya kan yi kyaun gani. Amma ƙasa da siminti ba sa tafiya tare. Zafi da sanyi suna motsa kowanne daban, sai simintin ya tsattsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to, a nan ruwa ne ƙadangaren. Ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita, domin an toshe wa bango numfashi. Sai ƙasa ta yi ta jiƙa a ɓoye, waje kuwa sumul. Mai son ya gane, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa. In ya ji yana amsawa kamar ganga, to, simintin ya riga ya rabu da ƙasa. Tsohon yaɓe in ya lalace kowa na gani, a gyara. Wannan kuwa ba ya faɗin ciwonsa sai daren da ruwan Agusta ya kwana yana zuba.

Na uku shi ne ɗora bene mai rufin kankare bisa bangon da aka gina don ya ɗauki azara da ƙasa. Kaurin bangon ya kan ruɗi mutane su zaci ba abin da ba zai ɗauka ba. Amma tubali in ya jiƙa ƙarfinsa ya tafi, ga shi kuma harsashin tsofaffin gidaje ba shi da zurfi. Wanda ya aza kankare da rodi bisa irin wannan bango, ya kwantar da 'ya'yansa a ƙasa, kasada ya yi da ransu. Har wa yau benen da aka buɗe wa manyan tagogi ta kowane gefe yana leƙa tsakar gidan maƙwabta, sai a ga matan gida 3 ko 4 sun rasa sakewa a cikin gidajensu saboda ƙarin mutum ɗaya.

Sa'an nan ga maganar ruwa. Mai sabon gini ya kan cike ƙasa ya ta da daɓensa sama, ruwan da ke bi ta gidansa a da sai ya koma gindin bangon maƙwabci. Kududdufan da ke shanye ruwan unguwa, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, da yawa an cike su an yi gini a kai. Mai son makewayi a cikin ɗaki kuma ya kan haƙa ramin shadda dab da rijiya, alhali ma'aikatan lafiya su kan ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, watau wajen ƙafa 100, abin da ƙaramin gidan birni ba shi da shi. Wanda ya yi haka sai ya haƙura da shan ruwan rijiyar nan. Zaure ma bai tsira ba. A kan fasa shi a mai da shi kanti, a buɗe ƙofar ƙarfe sambal daga hanya zuwa cikin gida. An sami kuɗin haya, amma baƙo ya rasa inda zai tsaya ya yi sallama.

Hujjar masu siminti

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Yaɓen kowace shekara wahala ne, kuma kuɗi ne. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Marina da yawa sun mutu, katsi ya yi wuyar samu. Gwanayen magina sun tsufa, 'ya'yansu sun kama wata sana'a. Ginin ƙasa da aka yi wa sakaci yana yoyo, yana tara ɓera, yana zubar da ƙura cikin abinci, matan gida kuwa su ne ke sharar. Saboda haka masu cewa kada a taɓa kome, a bar gidajen birni yadda kakanni suka bar su, su ma sun kauce. Gidan Makama ya iya zama yadda ya ke domin an mai da shi gidan tarihi, ba mai goyo a ciki. Gidan da a ke haihuwa a ke aure a cikinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ko a da can, ai ƙara ɗaki a ke yi in an yi amarya, a rushe in ta fita. Bambancin shi ne ɗakin ƙasa ana iya mai da shi fili cikin yini biyu, ɗakin bulo kuwa in ya zauna ya zauna ke nan.

Ƙarin da ya dace

To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai son ƙari ya fara da auna abin da zai bari, kafin ya auna abin da zai gina. Ya tambayi matan gida ina rana ke faɗowa da safe, ina a ke shanya, ina a ke kwana da bazara, ya ja layi ya ce nan ba mai taɓawa. In fili ya ƙare a ƙasa, sai a nemi sama. Bene ba baƙo ba ne a birni, attajiran Kano sun daɗe suna gina shi da ƙasa. Wurin da ya fi dacewa da shi shi ne ta wajen hanya, bisa zaure da ɗakin samari, inda ba zai tare wa tsakar gida iska ba. In da kankare za a yi, to, ya tsaya bisa ginshiƙansa da harsashinsa na kansa, kada ya jingina nauyinsa ga tsohon bango, kuma a sami masanin gini ya duba tun ba a haƙa rami ba. Manyan tagogi su dubi cikin gida. Na gefen maƙwabta su zama ƙanana, can sama da kan mutum. In aka ja wa rufin rawani mai tsawo, sai saman benen ya zama wata tsakar gida ta biyu, a yi shanya da rana, a kwana da dare.

Makewayi da wurin wanka da madafa a tara su kusurwa ɗaya, kusa da kwata, a gina su da bulo, a shafe da siminti. Nan ne wurin siminti na gaskiya, inda ruwa ke zuba kullum. Amma a bar 'yar tazara tsakaninsu da bangon ƙasa, kada bututu ya bi ta cikinsa. Wanda yoyon soro ya dame shi, ba sai ya ɓalle azara ba. Ya ɗora kwano a bisa, ya bar sarari tsakani don iska ta ratsa, ya sa bakin kwanon ya zarce bango. Ta haka kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi, kowanne ya yi aikin da ya iya. Bangon ƙasa kuwa a ci gaba da shafe shi da danginsa, a kuma gyara gangare don ruwa ya guje wa gindinsa. Kafin a sa hannu a kira tsohon magini tare da birkila, a shaida wa maƙwabta da mai unguwa, a nemi izinin hukumar tsara birni.

Kada a ce wannan mafarki ne. A Yamai, babban birnin Nijar, cikin 2016 aka gama waɗansu gidaje 6 da a ke kira Niamey 2000, waɗanda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka tsara. Da bulon ƙasa da aka matse a inji aka gina su, benaye ne a ƙaramin fili, amma ba a hana iyali sararinsu na shan iska a ɓoye daga idon hanya ba. Tsohon garin Agadas kuma, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, gidajen ƙasa ne da mutane ke zaune cikinsu. Ashe ƙasa ba ta gaza ba, mutane ne suka yi saurin juya mata baya.

Akwai kuma gaskiya ɗaya mai ɗaci. Kowane gida yana da iyakar abin da zai ɗauka. In an kai iyakar nan, ba dabarar magini da za ta yi magani, sai wani ya fita ya kafa nasa. Haka kuma ran rabon gado, maimakon a ja katanga a tsaga tsakar gida kashi kashi har kowa ya tashi da lungu, gara ɗaya ya sayi rabon sauran, ko su bar ta ta zama ta kowa. Ɗaki ana gina shi cikin wata guda in da kuɗi. Tsakar gida kuwa, a cikin ganuwa, in ta tafi ba kasuwar da a ke sayo ta. Allah ya sa magidanta su riƙa tuna haka tun bulo bai iso ƙofar gida ba, amin.